Matsalolin Fassarar Kalmomin Yau da Kullum daga Ingilishi zuwa Sifaniyanci

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kalmomin da ake furtawa kullum a gida da kasuwa sukan fi kalmomin kimiyya wuyar fassara. An ɗauko misalai daga Ingilishi da Sifaniyanci, kuma matsalolin sun kasu gida uku.

Na farko shi ne inda kalma ɗaya ta Ingilishi take rabuwa biyu. Baturen Ingila yana kiran kowane kifi "fish", amma mutumin Sifaniya yana kiran wanda ke ruwa "pez", wanda aka kama don ci kuwa "pescado". Haka nan aikatau "to be" ya rabu zuwa "ser", mai nuna asali ko hali, da "estar", mai nuna yanayi ko wuri. Saboda haka "es listo" na nufin mutum mai wayo ne, "está listo" kuwa ya shirya.

Na biyu shi ne bambancin karin harshe. Mota "coche" ce a Sifaniya, "carro" a Kolombiya, "auto" a Ajantina. Hukumar kula da harshen, wadda aka kafa a Madrid a 1713, ta daɗe tana fifita karin Sifaniya. A 1951 aka kafa ƙungiyar hukumomin harshen a birnin Meziko, wadda ta fitar da ƙamus na kalmomin nahiyar Amurka a 2010.

Na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne kalmomin da suka yi kama a rubuce amma ma'anarsu ta sha bamban. "Embarrassed" na nufin wanda kunya ta kama, "embarazada" kuwa mace mai ciki. "Mayor" a Ingilishi magajin gari ne, a Sifaniyanci kuwa babba ne a girma ko a shekaru. Magajin gari shi ne "alcalde", kalmar da aka aro daga "al-ƙadi" ta Larabci, tushen da Hausa ta samo "alƙali". Tushe ɗaya, amma kowane harshe ya ja ma'anar zuwa nasa ɓangaren.

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ƙamus kaɗai bai ishi mai fassara ba. Wajibi ne ya san muhallin da kalma ta fito, ya kuma san ƙasar da masu karatunsa suke, kafin ya ɗora alƙalami a takarda.