Zaburar Majiyyaci Bayan Allurar Barci, da Yadda Likitoci Ke Tare Ta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin tiyata lokacin da ake tura wa majiyyaci allurar etomidet ya san abin. Ido ya rufe, numfashi ya lafa, sai kawai hannu ya fizga, ƙafa ta yi harbi, wani lokaci kafaɗa da wuya su ɗauki rawa. Ba ya daɗewa, kuma mai jikin ba ya tuna komai idan ya farfaɗo. Ba zafi ya ji ba, ba kuma farkawa yake shirin yi ba. Duk da haka likitocin sa barci ba sa ƙaunar ganinsa, kuma da hujjarsu.

Kamfanin Janssen na ƙasar Beljiyam ne ya haɗa etomidet a 1964, aka fara sa mutane barci da shi a Turai a 1972. Abin da ya sa har yau ba a rabu da shi ba shi ne tausayinsa ga zuciya. Furofofol, farar allurar nan mai kama da madara da aka fi amfani da ita yanzu, tana saukar da ƙarfin bugun jini, wani lokaci sosai. Etomidet kuwa kusan ba ya taɓa shi. Saboda haka idan aka kawo dattijo mai ciwon zuciya, ko wanda ya yi haɗarin mota jini ya zuba, hannun likita yakan tafi ga etomidet. Wani aibinsa shi ne cikin mutum 100 da aka yi wa shi ba tare da share fage ba, 50 zuwa 80 sukan zabura.

Bayanin da masana suka fi karkata gare shi yana da sauƙin fahimta. Saman ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da linzamin sassan da ke can ciki, masu aika wa tsoka umarnin motsi. Maganin yana riga kwantar da saman kafin ya kai ga na cikin. Kamar makarantar allo ce da malam ya riga almajirai gyangyaɗi: kafin su ma barci ya kwashe su, sai an ɗan yi hayaniya.

Ga mai ƙoshin lafiya da za a yi wa ƙaramin aiki, wannan ba wani abin tashin hankali ba ne. Amma a ɗauki wanda ƙarfe ya huda wa ido. Fizga ɗaya na iya ƙara matsi a cikin ƙwayar idon, abin da ke ciki ya fito, gani ya tafi. Wanda aka shigo da shi cikin gaggawa da abinci a ciki kuma ana tsoron abincin ya taso ya faɗa huhu. Ban da haka, robar da aka sa a jijiya na iya fita, na'urar duba bugun zuciya ta rikice daidai lokacin da aka fi bukatar ta.

Dabarun rigakafin duk kusan hanya ɗaya suka bi: a ba da ɗan wani abu tukuna, a dakata, sannan a tura maganin. Mafi shahara su ne magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin fentanil da remifentanil, minti ɗaya zuwa uku kafin etomidet. Suna aiki ƙwarai, sai dai suna rage numfashi da saurin bugun zuciya, wato suna ɗan cinye ribar da aka zaɓi etomidet dominta. Ɗan midazolam kaɗan ma yana yi, ko da yake yakan jinkirta farfaɗowar tsofaffi. An gwada lidoken, da sinadarin magnesiyam, da deksmedetomidin, har da ɗan ketamin, maganin da ƙananan asibitocinmu suka fi dogaro da shi wajen tiyata, duk an ga sauƙi.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce wadda ba ta bukatar sayen komai. Cikakken awon etomidet miligiram 0.3 ne ga kowane kilo na nauyin mutum. Sai likita ya fara tura kamar kashi ɗaya bisa goma na wannan, ya jira kusan minti guda, sannan ya bi da sauran a hankali. Ƙwaƙwalwa ta riga ta ɗanɗana, tazarar da ke tsakanin sama da ciki ta ragu. A asibitin da ake ƙirga kowace kwalba, wannan dabara ta cancanci a koya wa kowane ma'aikacin sa barci.

Shi ma majiyyaci da nasa aikin. Mai farfaɗiya ya faɗa tun wajen tambayoyin da ake yi kafin tiyata, kada kunya ta hana shi ko danginsa, domin etomidet na iya tsokano ciwon, kuma akwai wasu magungunan da za a zaɓa. Haka maganar ci da sha: idan an ci, a ce an ci.

A aikin gaggawa na gaske ba a samun mintin jira. Nan likita kan bi etomidet nan take da maganin sassauta tsoka, sukzametoniyam ko rokuroniyam, domin a zura bututun numfashi da sauri, kuma tsokar da ta saki ba ta iya zabura. Sukzametoniyam dai yana da tasa 'yar karkarwar kafin tsoka ta saki, wadda daga tsokar take tasowa ba daga ƙwaƙwalwa ba, kuma wasu majiyyatan sukan tashi washegari da ciwon jiki bayan an yi musu shi.