Kumburi Iri-iri Ne: Abin da Likita Ya Rubuta a Katinku

Wani dare a ɗakin haihuwa, wata tsohuwa ta biyo ni har bakin famfo tana tafa hannu. Surukarta ce ke naƙuda. Jikanta ɗan makaranta ya duba katin, ya ga an rubuta *dilated 4 cm*, ya ce mata wai mahaifa ta kumbura. Har ta naɗe tabarma za ta mai da yarinyar gida a nemo mai magani. Na zaunar da ita, na ce, "Iya, kwantar da hankalinki. Hanya ce ta fara buɗewa."

Yaron bai yi laifi ba. Mu da Hausa kusan komai kumburi muke ce masa: ƙafa ta kumbura, ciki ya kumbura, wuya ya kumbura. Likita kuwa, in zai rubuta da Turanci, yakan zaɓi kalma bisa ga abin da ya cika wurin. Ruwa ne? Iska ce? Ko naman ne da kansa ya ƙara girma? Kowanne da maganinsa, shi ya sa ya kamata ku san kalmomin.

In kun ga *swelling* ko *swollen*, wannan shi ne kumburi kawai. Likita ya faɗi abin da idonsa ya gani, bai faɗi dalili ba tukuna. In an ƙara da *inflamed*, wurin ya yi ja, da zafi, da ciwo, kamar maruru kafin ya nuna.

Kalmar da na fi so ku riƙe ita ce *oedema*. Likitocin da suka yi karatu a Amurka sukan rubuta ta *edema*, a katin Faransanci ma kusan haka take. Ma'anarta ruwa ya taru a cikin nama. Kuna iya gwadawa a gida. Ku danna babban yatsa a saman ƙafa, ku ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali, ku ɗaga. In rami ya zauna kamar an danna tuwo, ruwa ne. Alamar + da muke sa wa a gefe tana nuna yawansa: ɗaya kaɗan ne, uku ya yi yawa.

Ga ƙaramin yaro, in rami ya zauna a ƙafafu duka biyu, ba ƙiba ba ce. Sau da yawa tamowa ce mai tsanani. Na sha ganin kaka tana murna jikanta ya yi kumatu bayan yaye, alhali gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ga shi ba ya wasa, ba ya son abinci. Irin wannan yaro a kawo shi ran nan, kada a jira ranar kasuwa.

Ke mai juna biyu, ƙafa takan ɗan tashi da yamma a watannin ƙarshe, ta saɓe da safe, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma in fuska da hannuwa suka kumbura, zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, ki zo a auna jininki ko da tsakar dare ne. In awo ya kai 140/90 ko ya wuce, za mu sa miki ido sosai, domin daga nan jijjiga take tasowa, tana kuwa iya ɗaukar uwa da ɗa. Ga manya maza da mata, ruwa a ƙafafu yakan fito daga zuciya, ko ƙoda, ko hanta. Tsagar wanzami ba ta fitar da shi, sai dai ta bar gyambo a fatar da ba ta saurin warkewa.

*Distended* kuma abu ne mai rami da aka cika har ya miƙe, kamar salka. An fi rubuta shi a kan ciki da mafitsara. Wanda ya ci wake ya ƙoshi ma cikinsa yakan yi haka, ya wuce. Wanda ke kashewa shi ne wannan: ciki ya tashi ya yi tauri kamar ganga, ana amai, babu bayan gida, ko tusa ba ta fita. Hanji ne ya toshe ko ya murɗe, wani lokaci ƙaba ce ta fito ta ƙi komawa. Kada ku ba shi kanwa, ko jiƙo, ko maganin wanke ciki, kada ma ku ba shi abinci. Ku nemi mota. Aikin tiyata ne, kuma hanjin da jini ya daina kai masa ba ya kwana biyu da rai. Cikin da ya yi makonni yana tasowa a hankali, ana jin ruwa na kaɗawa a ciki, shi yawanci hanta za a bincika.

*Dilated* buɗewa ce, ta ƙofa ko ta bututu. A naƙuda bakin mahaifa yakan buɗe har santimita 10 kafin a ce wa mace ta yi yunƙuri. In ungozoma ta ce ki dakata, ƙofar ce ba ta gama ba, yunƙuri a lokacin gajiya kawai zai ƙara miki, ya kumbura bakin mahaifar. Surukar tsohuwar nan da asuba ta kai 10, ta haifi 'ya mace. Likitan ido ma yakan ɗiga magani ƙwayar ido ta buɗe don ya ga ciki, gani ya yi hazo na 'yan sa'o'i, ya dawo.

Saura *enlarged*: wani abu na cikin jiki ya fi girman da aka san shi da shi. Doguwar kalma mai ƙarewa da *megaly* ma haka take nufi; *splenomegaly* saifa ce, *hepatomegaly* hanta, *cardiomegaly* zuciya. Saifar yara a ƙasarmu takan girma saboda zazzaɓin cizon sauro da ke komowa a kai a kai. Ciki nawa na gani da tabon tsaga jere a gefen hagu, saifar kuwa tana nan yadda take, don aska ba ta kai wurinta. A yi maganin zazzaɓin, a kwana cikin gidan sauro, a hana yaron kokawa, domin saifar da ta girma tana iya fashewa in an buge ta.

Baba, kai da fitsari ke fito maka da kyar, kana tashi sau huɗu ko biyar da dare: in ka ga *enlarged prostate* a katinka, wata 'yar tsoka ce a ƙarƙashin mafitsara ta girma ta matse hanyar fitsari. Shekaru ne suka fi kawo ta, kuma kalmar ita kaɗai ba ta nufin ciwon daji. Akwai ƙwayoyi, akwai aiki. Ranar da fitsarin ya tsaya cak, mara ta cika tana ciwo, kada kunya ta sa ka kwana da shi. Ka zo mu sa roba, kafin ka gama ba mu labari ka ji sauƙi.