Kallo da Sauraro a Bakin Iyakar Gaya

Al'ada ce ta marubutan jaridun Turai da Amurka, idan shekara ta kawo ƙarshe, kowannensu ya zauna ya lissafa finafinai da waƙoƙi da wasannin na'ura da littattafan zane waɗanda suka fi burge shi a cikinta, sa'an nan masu karatu su yi ta muhawara a kan ko ya yi adalci ko ya bi son zuciya. Wannan al'ada ta iso mana ta cikin wayar salula, har ga shi a fadojin samarin Gaya, inda ake kwana ana dafa shayi, ba a rasa gardama a kan wane fim ne ya fi a shekara, ko wace waƙa ce ta cinye gidajen biki. Gardamar ba ta da aibi. Sai dai kafin a tambayi mutum abin da ya fi so, ya kamata mai hankali ya fara binciken hanyar da abin ya biyo har ya iso gare shi, domin ba wanda ke zaɓe sai a cikin abin da aka ajiye a gabansa.

Allah ya ajiye Gaya a wani matsayi wanda garuruwa kaɗan ne suka sami irinsa, a ƙarshen kudancin jihar Dosso ta Nijar, bisa gaɓar kogin Kwara, tana fuskantar Malanbil ta ƙasar Benin, ga kuma Kamba ta jihar Kebbi a gabashinta, ta yadda ɗan kasuwa zai iya karya kumallo da sefa, ya ci abincin rana da naira, ya yi ciniki da Dendanci da Zabarmanci da Hausa kafin a kira la'asar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka toshe gadar da manyan motocin Kwatano ke hawa, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take bayarwa, sai mutane suka koma ƙetare kogi da kwalekwale kamar yadda kakanninsu suka yi. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu 2024, amma gadar ba ta koma yadda take ba. To, a duk tsawon wannan ƙunci, da shinkafa da magani suka yi ta jiran izini a bakin ruwa, akwai haja guda wadda ba jami'in kwastan da ya taɓa tsare ta, ita ce fim da waƙa, domin a iska take tafiya, ko a cikin ɗan katin memori wanda bai kai farcen yatsa ba. Matsalarta ɗaya ce, cajin waya, shi ma masu faranti mai aiki da hasken rana sun mai da shi sana'a.

Idan aka zo ga finafinai, Kano ce ke mulki, kuma mulkinta ya daɗe. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, zuwa Sangaya da Wasila waɗanda suka cika kasuwanni a zamanin kaset, masu kallo na wannan gefen iyaka ba su taɓa ɗaukar fim ɗin Kano a matsayin baƙo ba. Abin da ya sake a ƴan shekarun nan shi ne siffar fim ɗin kanta, domin da satar fasaha ta kashe kasuwar faifai, sai masu shiryawa suka koma ga abin da suke kira fim mai dogon zango, wanda ake saki kashi-kashi kowane mako a tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ko kuwa a YouTube, inda ake biyan mai fim gwargwadon yawan masu kallo da tallan da aka saka. Daga nan ne Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Izzar So da Gidan Sarauta da Manyan Mata suka sami gindin zama. A ganina, wanda ya fi cancantar yabo a cikinsu shi ne Labarina na Aminu Saira, musamman ƙissar Alhaji Mainasara da Sadiq Sani Sadiq ya fito a cikinta, attajirin da ya ɓoye dukiyarsa don ya gane macen da za ta so shi saboda Allah. Ƙissa ce tsohuwa ƙwarai, wadda kakanninmu mata suka san irinta a tatsuniya, amma an yi mata ado da natsuwa da kyawun lafazi. Aibin wannan siffa kuwa a fili yake: tunda kuɗin yana zuwa ne da yawan makonni, sai ka ga labarin da zai ƙare a kashi goma an ja shi har ya tsinke, ana maimaita zance ɗaya a falo ɗaya.

Akwai wani mutum a tsakanin Kano da mai kallo wanda ba a ambatonsa, alhali kuwa shi ne alƙalin gaskiya, wato mai tura finafinai, wanda ke zaune a rumfa da kwamfutarsa, ya sauke kashin wannan mako sau ɗaya, ya zuba wa duk wanda ya miƙo waya a kan ƴan kuɗi kaɗan. Wanda kuɗin data ya yi wa tsada, abin da wannan bawan Allah ya ga dama ya sauke shi ne duniyarsa. Shi ya sa finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa, irin na Algaita, suka mamaye wayoyi, domin suna da yawa, suna da faɗa, kuma mai fassarar yakan ƙara musu gishirin barkwancin da ba ya cikin asali. Shi ya sa kuma fim kamar Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura, Najeriya kuma ta zaɓe shi a 2024 don ya wakilce ta a gasar Oscar ta Amurka, ya fi yin suna a bakin ƴan jarida a kan bakin masu kallon karkara, saboda an yi shi ne don manyan gidajen sinima, su kuwa suna can birane masu nisa. Ribar rumfar nan, in za a faɗi gaskiya, ko dala ba ta komawa ga wanda ya ci bashi ya shirya fim ɗin, kuma wannan mas'ala ce ta haƙƙi wadda ya kamata malamanmu su yi mata bayani.

Abin takaici a nan shi ne, saurayin da zai iya lissafa maka matan Kannywood ɗaya bayan ɗaya, har ya gaya maka cewa Rakiya Moussa da mawaƙiya Fati Nijar ƴan ƙasarsa ne, da wuya ya san cewa Nijar ta riga Kano shiga wannan fage da shekaru masu yawa. Moustapha Alassane ya fitar da Aouré tun 1962. Oumarou Ganda shi ne mutum na farko da ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame, wanda ya taɓo mas'alar auren dole da kishi tun kafin a haifi yawancin taurarin yau. Labarin Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899 a cikin wannan jiha tamu ta Dosso, Abdoulaye Mamani ya rubuta shi littafi, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi. A zamaninmu kuma ga Aïcha Macky ta Damagaram, wadda fim ɗinta Zinder na 2021 ya zaga duniya. Waɗannan duka ba sa cikin kwamfutar mai rumfa, domin ba wanda ya tambaye shi su.

Sha'anin waƙa ya ɗan fi sauƙi, domin kunnen mutumin Gaya faɗi gare shi. A biki ɗaya za ka ji Hamisu Breaker, wanda Jarumarsa ta 2020 ta sa matan aure rawa a gaban mazajensu har malamai suka yi magana, ka ji Ado Gwanja da Umar M. Shareef da Ali Jita, sa'an nan a juya zuwa Mali Yaro da Zabarmanci ko Tal National ta Yamai; dattawa kuwa har gobe suna tare da Shata da Ɗanƙwairo da Sani Aliyu Ɗandawo. Amma a nan ma akwai abin lura, domin manhajar TikTok ta sa ana yi wa waƙa hukunci da daƙiƙa talatin ɗin da za a iya rawa da ita, mawaƙa kuma sun gane haka, sai suka rage wahalar tsara baiti mai ma'ana. Ga wani abin mamaki: Mdou Moctar, Ba'abzine mai kaɗa jita, ya fitar da kundinsa Funeral for Justice a 2024, jaridun Amurka da Ingila suka yi ta yabonsa, alhali a kudancin ƙasarsa ba shi ne ake sakawa a gidan biki ba.

Wasannin na'ura su ne suka fi shige wa iyaye duhu, saboda haka su ne suka fi buƙatar bayani. Iri biyu ne. Akwai na gidan wasa, inda ake ajiye talabijin da PlayStation, yara su biya kuɗin kowane wasa su buga ƙwallon ƙafa, ko dai eFootball ko kuwa wanda aka sani da FIFA, wanda kamfaninsa ya sake wa suna zuwa EA Sports FC a 2023. Wannan bai wuce dara ta zamani ba, matuƙar ba a sa kuɗi a tsakani ba. Akwai kuma na cikin waya, irin Free Fire da PUBG, inda ake jefa ƴan wasa a tsibiri su yi ta harbin juna har saura ɗaya. Ana sauke su kyauta, amma hikimar masu su ita ce su sa yaro ya ji kunyar fitowa da tufafin da kowa ke da shi, har ya sayi lu'ulu'un cikin wasa da kuɗin gaske, su kuma ba shi lada a kan shigowa kowace rana don kada ya yi fashi. Mafi hatsari duka su ne manhajojin cacar ƙwallo, waɗanda suka yi shigar wasa alhali caca ce tsagwaronta, haramcinta kuwa nassi ne, ba ya buƙatar ijtihadi.

Littattafan zane ba su da dogon labari a wurinmu. Waɗanda suka yi makaranta kafin 1990 suna tuna mujallar Kouakou da ake rabawa a makarantun ƙasashe masu Faransanci, na bayansu wasu sun karanta Aya de Yopougon ta Marguerite Abouet, yaran yau kuwa Naruto da One Piece na Japan suka sani, su ma a waya suke kallonsu. Ga shi kuwa Moustapha Alassane ɗin nan yana cikin mutanen farko da suka yi zane mai motsi a Afirka, da Bon voyage Sim a 1966, inda ya yi wa shugabanni zambo da kwaɗi.

Game da hukuncin waɗannan abubuwa a shari'a, saɓanin malamai a kan kiɗa tsoho ne, ba kuma wannan takarda ce za ta warware shi ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, duk mubahin da ya sa aka tozarta salla, ko aka bar karatu da neman halali, ya fita daga halaccinsa. Uban da ya ƙwace waya ya fasa bai magance kome ba, domin ta maƙwabci tana nan. Wanda ya zauna ya kalli kashi ɗaya tare da iyalinsa, ya tambayi ɗansa yadda wasan nan yake da inda kuɗinsa ke tafiya, shi ne ya san abin da zai hana da abin da zai bari.

Babbar damuwata dai ita ce, garin da kayan ƙasashe uku ke ratsawa ya zama mai karɓa kawai. Dendanci yana nan da waƙoƙinsa, Kyangawa suna nan da tarihinsu, masunta da masu noman rake da masu dafa gishirin Foga kowa da labarinsa, matuƙan kwalekwalen da suka ɗauki nauyin iyaka tun 2023 kuwa labarinsu kaɗai ya isa fim mai zango biyar. Wayar da ake kallon Labarina da ita tana ɗaukar hoto da murya. Ina kira ga samarin fadojin Gaya da malaman makarantu da gidajen rediyon gari, su fara da tsofaffin mawaƙa da masu tatsuniya, su naɗi muryoyinsu tun suna raye, su kai wa mai rumfa ya riƙa zubawa a wayoyi tare da na Kano.