Guraben aikin gwamnati da ba a tallata su

Abin da ya fito a zaman kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi a 2023 ya isa ya hana mutum barci. Wani tsohon ma'aikacin Hukumar Daidaiton Guraben Aiki ta Tarayya ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi kuɗi daga masu neman aiki. Hukumar da aka kafa a 1996 don kada wata jiha ta yi kwantai, ita ce ake zargi da zama kasuwar takardar kama aiki.

Tushen ɓarnar, a ganina, shi ne izinin ɗaukar ma'aikata ba tare da talla ba. Ƙa'ida ta ce a buga guraben a jaridu, a ba kowa lokaci ya nema. Sai ma'aikata ta rubuta cewa tana cikin gaggawa, a ɗaga mata ƙafa. Daga nan sai rabo: na shugaba, na ɗan majalisar da ke duba kasafinta, na wanda zai sa hannu, ragowar kuma a sayar. Hujjar da ma'aikatun suka fi so ita ce turmutsutsun ɗaukar jami'an shige da fice na Maris 2014, inda matasa suka biya naira dubu ɗai-ɗai, wasu suka rasa rayukansu a filayen wasa. Wannan masifa ce ta gaske, amma rashin tsari ne ya kashe yaran nan, kuma an mayar da mutuwarsu dalilin rufe ƙofa. Da gwamnati ta dakatar da ɗaukar aiki a 2020, sai aka koma ga abin da ake kira maye gurbi, wanda ba a jin labarinsa sai an ga sabuwar fuska a ofis.

Akwai masu cewa rabon gurbi jiha-jiha ne ya kashe cancanta, a soke shi kawai. Gaskiya ne an sha fakewa da shi ana ɗaukar wanda bai dace ba. Sai dai sashe na 14(3) na kundin tsarin mulki, tushen wannan rabo, bai hana a yi jarrabawa tsakanin 'yan jiha ɗaya a ɗauki zakara ba. Gurbin Jigawa ko na Yobe ba ya zuwa hannun ɗan manomin da ya fita da sakamako mai kyau. Yana tafiya ga mai uwa a gindin murhu.

Illar tana daɗewa, domin wanda ya shiga da kuɗi zai iya yin shekara 35 a kujera, kuma sai ya fanshe kuɗinsa daga jikin masu zuwa neman fayil. Kaduna ta ga ƙarshen irin wannan ɗauka a 2017, lokacin da malamai fiye da 21,000 suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu na firamare.

Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ta buɗe shafin neman aiki a intanet a 2025, abin a yaba. Amma ikonta bai kai ga manyan hukumomi masu maiƙo irin su Babban Banki ba, kuma can ne 'ya'yan manya suke dosa. A soke izinin ɓoye talla a ko'ina, a liƙa sunaye da makin kowa, jiha bayan jiha.