'Yar Riƙo Ma A Yi Mata Asusunta

'Yan'uwana mata, a gidaje da yawa 'yar riƙo aiki kawai ta sani, ko sisi ba a bari ta riƙe. Ran da ta yi aure, maigida ya miƙo kuɗin cefane, sai ta rasa ta inda za ta fara. Laifin wa ke nan?

Akwai wata yarinya a ajina mai shekara 14, tana hannun goggonta tun rasuwar mahaifiyarta. Goggon ƙuli-ƙuli take yi, yarinyar kuwa takan taya ta suya in an tashi makaranta. Kowace Juma'a sai ta ware mata rabonta cikin riba, ta ce, "Ungo, 'yata, ki rubuta a littafi, ki jefa asusu."

Da aka fasa asusun gab da Salla, yarinya ta ce duka atamfa za ta saya. Goggon ba ta yi mata faɗa ba, tambayarta kawai ta yi, kuɗin ɗinki fa daga ina? Yarinya ta yi shiru, ta sake lissafi. Ta sayi mai rahusa, ta biya tela, ragowar ta shiga adashin matan gidan da shi. Wata mai zuwa ne ɗaukarta, littattafan karatu take so.