Iker Casillas da Real Madrid: Shekara 25 a Gida, Sallama Shi Kaɗai

Ranar Lahadi 12 ga Yulin 2015, Iker Casillas ya shiga ɗakin ganawa da 'yan jarida na filin Santiago Bernabéu riƙe da takarda. Babu shugaban kulob a gefensa, babu abokan wasa, babu kofi ko ɗaya a kan teburi. Ya fara karanta jawabin ban kwana, kuka ya ci ƙarfinsa, ya tsaya ya kurɓi ruwa, ya ci gaba. Mutumin da ya shiga Real Madrid yana ɗan shekara tara, ya tsare mata raga a wasa 725, haka aka bar shi ya sallami kansa da kansa. Surutu ya yi yawa a Sifaniya da wajenta, har washegari shugaban kulob ɗin, Florentino Pérez, ya shirya wani bikin cikin gaggawa, aka jera kofuna a fili, aka buɗe wa jama'a ƙofa. Wasu daga cikin waɗanda suka zo sai suka ɓige da ihun Pérez ya sauka daga mulki.

Kafin a ɗora wa Pérez laifin duka, ya kamata a tuna cewa a wannan filin dai, watanni kaɗan kafin ranar, wani ɓangare na magoya bayan Madrid ne ke yi wa Casillas fito da ihu idan ƙwallo ta zo ƙafarsa. A Sifaniya fito alamar tsana ce. Kuma ba baƙi ne suke yi ba, 'yan gida ne.

An haifi Casillas a 1981, ya tashi a Móstoles, wani gari a gefen birnin Madrid. Ya buga wa babbar ƙungiya wasansa na farko a Satumbar 1999 a gidan Athletic Bilbao, kuma kafin kakar ta ƙare ya ɗaga kofin Zakarun Turai bayan sun lallasa Valencia da ci uku da nema a Paris. A wasan ƙarshe na 2002 a Glasgow kowa na tuna ƙwallon da Zidane ya ɗaɗa wa Bayer Leverkusen, amma ba don Casillas da ya taso daga benci ya canji gola César da ya ji rauni ba, ya kuma kaɗe ƙwallaye a jere a mintunan ƙarshe, da labarin ya sha bamban. Sai kuma abin da ya ci yana kyaftin ɗin Sifaniya: kofin Turai a 2008 da 2012, da kofin duniya a 2010, inda ya tare ƙwallon Arjen Robben da ɗan yatsan ƙafa alhali su biyu ne kawai suka rage. Mutanen Madrid har waliyyi suke ce masa.

Abin ya fara lalacewa ne a zamanin koci José Mourinho. Wasannin hamayya da Barcelona a 2011 sun koma kamar yaƙi, faɗa a fili, faɗa a bakin layi, kuma rabin 'yan wasan nan tare suke buga wa ƙasa. Casillas ya ɗauki waya ya kira Xavi na Barcelona domin a yayyafa wa wutar ruwa. A wajen 'yan Sifaniya da yawa wannan dattako ne, har aka ba su biyun lambar yabo ta Yariman Asturias a 2012. A wajen masu ra'ayin Mourinho kuwa, kyaftin ya je ya rusuna wa abokan gaba. Daga nan aka fara yaɗa cewa shi ke kwasar sirrin ɗakin canza kaya yana kai wa 'yan jarida, zargin da ya sha musantawa. A Disambar 2012 Mourinho ya ajiye shi a benci a wasan Málaga. Wata guda bayan haka ya karye a hannu, aka sayo gola Diego López, kuma ko da ya warke bai karɓi gurbinsa ba.

A nan magoya baya suka rabu gida biyu, kuma rabuwar ce abin dubawa. Ɓangare ɗaya na cewa mutumin da ya yi wa kulob wannan hidima ya wuce a wulaƙanta shi, ko da hannunsa ya fara sanyi. Ɗaya ɓangaren na cewa ba wanda ya fi kulob, wanda ya fi iyawa yau shi ke tsayawa a raga, tarihi kuma a kai shi gidan ajiye kofuna. Dukansu biyun suna kiran abin da suke yi biyayya. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Kano ko Kaduna a waɗannan shekarun ya ji irin wannan musun tsakanin 'yan Madrid su ya su, ɗan Barcelona na gefe yana dariya.

Ni ina ganin masu sukar suna da 'yar gaskiya a batun wasa. Casillas na 2014 ba shi ne na 2010 ba. A wasan ƙarshe na kofin Zakarun Turai a Lisbon shi ya fito ba a kan lokaci ba har Diego Godín ya ci wa Atlético, kuma ba don kan Sergio Ramos a minti na 93 ba, da kofi na goma da Madrid ta yi shekara goma sha biyu tana nema ya suɓuce ta hannunsa. Makonni kaɗan bayan haka Holand ta zura masa biyar a gasar kofin duniya a Brazil. Ajiye gola irin wannan a benci hukuncin koci ne, ba cin amana ba. Amma fito da ihu wani abu ne dabam. Ba ya gyara gola, ba ya ƙara wa ƙungiya maki. Abin da yake nunawa kawai shi ne ƙaunar ɗan kallo ga ɗan wasa aro ce daga ƙaunarsa ga riga, kuma ranar da ya ga ɗan wasan na jawo wa rigar asara, zai karɓe kayarsa.

Kulob ɗin ma lissafinsa ke nan, sai dai da kuɗi a ciki. Ana son sabon gola, ana ta zawarcin David de Gea na Manchester United, ga tsohon kyaftin mai albashi mai nauyi da sauran kwantiragi. Aka daidaita ya tafi Porto. Abin dariya, cinikin De Gea ya wargaje a daren rufe kasuwa saboda takardu ba su isa kan lokaci ba, gola Keylor Navas da aka so a bayar a musaya ya zauna, ya kuma ci kofin Zakarun Turai uku a jere.

A Fotugal Casillas ya samu abin da ya rasa a gida, wato mutanen da ke kallonsa ba tare da tsohuwar gaba ba. Ya taimaka wa Porto ta ci gasar ƙasar a 2018. Ranar 1 ga Mayun 2019 ciwon zuciya ya kama shi ana cikin atisaye, aka garzaya da shi asibiti, ya tsira, amma bai sake buga wasan gasa ba. Ya sanar da rataye safar hannunsa ranar 4 ga Agustan 2020, yana da shekara 39.

Tun daga ranar ciwon harshen mutanen Madrid ya canza. Saƙonnin jaje da yabo suka yi ta kwarara, kulob ya fitar da sanarwa yana kiransa gola mafi girma a tarihinsa, kuma kafin 2020 ta ƙare an ba shi muƙami a gidauniyar Real Madrid. Ban ce munafunci ba ne. Wanda ya yi ritaya ba zai sake zubar da ƙwallo ba, ba ya cin albashin da za a sayi wani, ba ya tare wa matashi hanya, don haka son sa ba ya cin kowa komai. Tsohon ɗan wasan kulob ɗin Raúl ma sai da ya yi shekara uku da barin Madrid kafin aka shirya masa wasan karramawa a 2013, lokacin yana Al Sadd ta Qatar.

Da alama dai Madrid ta ji kunyar abin da ya faru a 2015. Toni Kroos a 2024 da Luka Modric a 2025 duk a cikin fili aka sallame su, 'yan wasan ɓangarorin biyu sun yi musu layi, Bernabéu a cike. Sai dai Kroos ya tafi ne yana kan ganiyarsa, Modric kuma ya yarda da zaman benci ba tare da rigima ba. Ramos, wanda ya ja da kulob a kan tsawon kwantiragi, ya tafi a 2021 lokacin annobar korona, a wani ɗan taro a sansanin atisaye na Valdebebas, babu ɗan kallo ko ɗaya.