Tare Mai Gudu: Damuwar Magoya Baya a Ƙwallon Amurka

Ƙwallon Amurka wasa ne na cin ƙasa. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 11 a fili mai tsawon yadi 100, yadin nan dai da ake auna atamfa da shi. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba yadi 10. In ta cim ma haka a sabunta mata damar, in ta kasa ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Hanyoyin matsawa biyu ne: ko a jefa ƙwallon ta sama wani ya cafe, ko a danƙa wa wani ƙaƙƙarfa ya rungume shi ya kutsa cikin mutane da gudu.

Tare wannan mai gudu aiki ne na haɗin gwiwa. Ƙartin da ke sahun gaba suna toshe kafofin da ke tsakanin 'yan wasa, na bayansu kuma su cika duk gurbin da ya rage su kayar da shi. Kowa da kafar da aka damƙa masa, kuma mutum ɗaya ya kauce daga tasa, to ɓaraka ta samu. Duk wanda ya zauna a gidan kallon ƙwallo a Gusau ko Tsafe ya ga yadda jama'a ke tashi tsaye idan tsakiyar ƙungiyarsu ta zama hanya, zai gane irin wannan takaici.

Sai dai a ƙwallon Amurka ciwon ya fi zurfi, saboda agogo. Wasan minti 60 ne. Idan jifa ya faɗi ƙasa agogo yana tsayawa, amma idan aka kayar da mai gudu a cikin fili, lokaci yana ci gaba da tafiya. Ƙungiyar da ke cin yadi huɗu ko biyar a kowane gudu tana cinye lokaci, tana gajiyar da masu tsaro, gwanayen kai hari na ɗaya ɓangaren kuma suna zaune a benci. Kowa a filin ya san abin da za a yi, amma an kasa hanawa. Wannan ne ke ƙona ran magoya baya, kuma suna da gaskiya.

Ɗan Najeriya ma ya taɓa zama sanadin irin wannan fargaba. Christian Okoye, haifaffen Inugu mai nauyin fiye da kilo 110, ya buga wa Kansas City Chiefs daga 1987 zuwa 1992, kuma a 1989 ya fi kowa cin ƙasa ta gudu a NFL, babbar gasar wannan wasa, da yadi 1,480.

Misalin da ya fi fito da lamarin fili shi ne na Indianapolis Colts a kakar 2006. Kocinsu Tony Dungy ya gina tsaronsa a kan 'yan wasa marasa nauyi masu sauri, irin su Dwight Freeney, don su riƙa cim ma mai jifa kafin ya saki ƙwallo. Dabarar tana da farashi: masu nauyi sai suka riƙa ture su. A waccan kakar ana cin su kusan yadi 173 ta gudu a kowane wasa, mafi muni cikin ƙungiyoyi 32. A watan Disamba Jacksonville ta yi musu yadi 375 a wasa guda, ta doke su 44 da 17. Magoya baya da yawa suka fid da rai, duk da suna da Peyton Manning, ɗaya daga cikin gwanayen jifa na zamaninsa.

Abin da ya sauya lamarin shi ne dawowar Bob Sanders, gajeren ɗan baya da raunin gwiwa ya hana shi buga yawancin wasannin kakar. A wasan farko na zagayen sili-ɗaya-ƙwale, Larry Johnson na Kansas City, wanda ya addabi ƙungiyoyi duk shekara, yadi 32 kacal ya samu. Colts suka ci gaba har wasan ƙarshe na Super Bowl, inda suka doke Chicago Bears 29 da 17 ranar 4 ga Fabrairun 2007.